Masu fasahar gilashi na zamani: su waye, kuma yaya suke sarrafa shi?

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam ce a Kano, shekara tara ke nan ina yankan gilashi. Kwanan nan nake ganin bidiyoyin wasu Turawa suna hura gilashi kamar balan-balan, wasu kuma suna ƙera abubuwan da ake ajiyewa a gidajen tarihi, ana sayensu da maƙudan kuɗi. Su waye waɗannan mutane, yaya suke juya gilashi haka, kuma me ya raba aikinsu da na kamfanin kwalba? Irina zai iya shiga wannan harka a nan gida?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka tambaya a dunƙule: su waye, yaya suke yi, kai kuma ta wace ƙofa za ka shiga. Na ji daɗi da tambayar ta fito daga bakin mai yanka. Wanda ya shekara tara yana jan dayamon a kan gilashi, yana sauraron siririyar ƙarar nan da ke gaya masa layi ya kama kafin ya ɓalle shi, ya riga ya san abin da sabon ɗalibi ke daɗewa bai gane ba, wato gilashi yana da halinsa kuma ba a yi masa dole. Ni ma da yanka na fara, daga baya na koma aikin tanderu, inda nake narka gilashi a cikin mazubi. Hurawa kuwa na taɓa gwadawa kaɗan ne kawai, don haka abin da zan faɗa maka a kanta na mai kallo da karatu ne, ba na gwani ba.

Bambancinsu da kamfani yana cikin abin da kowa yake nema. Kamfanin kwalba yana son kwalba dubu su fito iri ɗaya, idan kumfar iska ta maƙale a jikin ɗaya, ko gefe ɗaya ya fi kauri, to aibi ne, a mayar da ita wuta. Mai fasaha kuwa waɗannan abubuwan da kamfani ke gudu su ne jarinsa. Gilashi yana malala idan ya ji wuta, yana riƙe haske a cikinsa, yana ɗaukar siffar duk abin da ya kwanta a kai, yana kuma fashewa. In ka lura da manyan masu wannan aiki, za ka ga kowannensu ya kama ɗaya daga cikin waɗannan halaye ne ya ƙarar da rayuwarsa a kai. Da wannan nake auna su, kai ma da shi za ka riƙa gane abin da kake kallo a waya.

Yadda gilashi ya fita daga masana'anta

Asalin gilashin da kake yankawa yashi ne, kusan kashi 70 cikin 100, sai soda, wato dangin kanwarmu, da farar ƙasa. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyos, kanwar ce ke saukar da shi, farar ƙasar kuma ta hana ruwa cin gilashin daga baya. Launi daga ƙarafa yake zuwa: kobalt ya ba da shuɗi, baƙin ƙarfe ya ba da koren nan da kake gani a bakin gilashin taga in ka kalle shi ta gefe, ɗan zinariya kaɗan ya ba da ja mai zurfi. Hurawa da bututu kuma tsohon abu ne, an gano ta a yankin Sham tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa.

Amma saboda tsadar wuta, gilashi ya daɗe yana hannun manyan masana'antu. Mai zane ya zana a takarda, ma'aikata su hura, shi ko bututun bai taɓa riƙewa ba. Abin ya sauya a 1962, a gidan adana kayan fasaha na Toledo da ke jihar Ohayo a Amurka. Wani malamin ginin tukwane, Harvey Littleton, ya tara mutane kaɗan don a gwada ko mutum ɗaya zai iya narka gilashi a ƙaramin murhu a ɗakin aikinsa. Gwajin farko bai yi kyau ba, sai wani masanin gilashin masana'anta, Dominick Labino, ya gyara musu murhun ya kuma kawo ƙwallayen gilashi masu saurin narkewa. Abubuwan da suka hura a lokacin ba su da wani kyan gani, dunƙulallu ne masu kauri. Sai dai ƙofa ta buɗe. Littleton ya kafa darasin gilashi a jami'ar Wiskonsin, ɗalibansa suka bazu suka kafa nasu. Shi ne kuma mai maganar nan da har yau ake musu a kanta, cewa dabarar hannu abu ce mai araha, yana nufin abin da kake son faɗa da aikin shi ne mai tsada. Rabin maganar na yarda da shi. Wanda bai taɓa tara watanni yana fasa gilashi ba ne zai ce dabara tana da araha.

Masu aiki da shi yana zafi

Waɗanda kake gani a bidiyo su ne waɗannan. Ana tsoma bututun ƙarfe a narkakken gilashi mai zafin kusan digiri 1,100, a naɗo shi kamar yadda ake naɗo zuma a tsinke. Daga nan bututun ba zai daina juyawa ba, in ka tsaya ya zube ƙasa. A hura, a matse da awartaki, a shafa shi da jiƙaƙƙiyar jarida da aka ninka a tafin hannu, a mayar da shi bakin wuta, duk a cikin daƙiƙoƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a nan: wani yana hurawa, wani yana kare hannun maigida daga zafi da katako, wani yana kawo ƙarin gilashi.

Sunan da ya fi fita shi ne Dale Chihuly, ɗalibin Littleton, haifaffen 1941. A 1968 ya je ya zauna a masana'antar Venini da ke tsibirin Murano a Italiya, inda ya ga yadda ake aiki ƙungiya-ƙungiya, a 1971 kuma ya shiga cikin waɗanda suka kafa makarantar koyon gilashi ta Pilchuck a jihar Washinton. Haɗarin mota a Ingila a 1976 ya tafi da idonsa na hagu, a 1979 kafaɗarsa ta goce, sai ya ajiye bututu ya koma zana aiki da ba da umarni. Tunaninsa shi ne a daina tilasta wa gilashi ya tsaya daidai wa daida, a bar zafi da nauyi da juyi su lanƙwasa shi. Shi ya sa kwanukansa suke da baki a karkace kamar ganyen da iska ta kaɗa. Daga baya ya koma tara ɗaruruwan gutsattsari wuri ɗaya, kamar wanda ke rataye a zauren shiga gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, da rufin wani otal a Las Begas da ya lulluɓe da furannin gilashi wajen 2,000 a 1998. Ni a ganina ayyukansa na baya sun fi yawan ado fiye da magana, ido ya ƙoshi amma zuciya ba ta tafi da komai ba. Duk da haka ba don shi ba da mutane da yawa ba su san ana wannan sana'a ba.

Wanda masu hurawa da kansu suke sara wa kuwa shi ne Lino Tagliapietra, ɗan Murano, haifaffen 1934. Tun yana yaro ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu ya shiga masana'anta, ya zama maigida yana da shekara 21. Ka san tun 1291 aka tattara masu gilashin birnin Benis a wannan tsibiri saboda tsoron gobara, kuma sun shafe ƙarnoni suna ɓoye sirrin aikinsu, sai ɗa ko yaron gida. A 1979 Tagliapietra ya je Pilchuck ya buɗe wa matasan Amurka abin da ya sani. Gwanintarsa tana cikin zaren launi. Ana jan gilashi mai launi ya yi tsawo ya sirance, yadda mai alewa ke jan alewarsa, a yanka sanduna, a jera su, a naɗe su a jikin kumfar da ake hurawa, a murɗa. Sai ka ga tulu mai dogon wuya da layuka suna zagaye shi kamar saƙar tabarma, kuma duk a cikin naman gilashin suke, ba fenti ba ne. Da zuwansa ne Amurkawa suka haɗa ƙarfin halinsu da horon hannu, aikin ya tashi daga dunƙulallun nan na farko.

Masu gini da haske

Nan ne zuciyata take, ka yi mini haƙuri in ɗan daɗe. A ƙasar Cek akwai miji da mata, Stanislav Libenský da Jaroslava Brychtová, da suka yi aiki tare fiye da shekara arba'in a garin Železný Brod, har ya rasu a 2002, ita kuma a 2020. Ba sa hurawa. Shi yakan zana siffa a babbar takarda, ita ta gina ta da yumɓu, a zuba filasta a kai a fitar da mazubi, a cika mazubin da gutsattsarin gilashi mai launi ɗaya, a sa a tanderu ya narke ya kwanta. Dangin aikin masu zubin tukwanen alminiyam ne da ka sani, sai dai nasu yini ɗaya ne, wannan kuwa makonni.

Abin da suka gano mai sauƙin faɗa ne. Ɗauki kwalbar lemo koriya ka ɗaga ta a rana: jikinta kore ne mai haske, gindinta inda ya yi kauri ya yi duhu, alhali gilashi ɗaya ne. To su da kauri suka yi zane. Inda suke son haske sai su sirantar da gilashin, inda suke son inuwa su bar shi da kauri, wani lokaci kuma su bar rami a cikin dunƙulen ta baya, yadda in ka tsaya a gaba za ka ga wata siffa tana shawagi a ciki, ga ta nan amma ba abin taɓawa, don babu komai a wurin sai fili. Launi ɗaya tak, amma ya tashi daga kusan baƙi zuwa ruwan zuma a cikin taƙi guda. Da safe aikin daban yake, da la'asar daban. Sun yi suna tun a baje kolin duniya na Burasels a 1958, sun yi tagogi a babbar majami'ar birnin Prag, shi kuma ya koyar a makarantar fasaha ta birnin daga 1963 zuwa 1987. Wani abin lura shi ne gwamnatin gurguzu ta wancan zamani tana sa ido sosai a kan masu zane da marubuta, amma ta ɗauki gilashi a matsayin kayan masana'anta da ado, sai masu gilashi suka sami sararin yin abin da aka hana wasu.

Ranar da na fara gwada wannan dabara da ɗan dunƙule mai kaurin yatsa uku, na fito da shi daga mazubi na wanke na ɗora a bakin taga. Ina zaune hasken hantsi ya shigo ta siririn gefen, ya taru a tsakiya kamar garwashi. Na daɗe ina kallo. Tun daga ranar na daina ɗaukar gilashi a matsayin abin da ake leƙa waje ta cikinsa.

Wasu sun bi wannan hanya ta zubi da nasu salon. Bertil Vallien na Suwidin yana danna siffa a jiƙaƙƙen yashi ya kwarara narkakken gilashi a ciki, ya fi yin dogayen kwale-kwale da ƙananan abubuwa binne a cikinsu. Karen LaMonte, Ba'amurkiya da ta koma Prag, tana zuba riguna masu girman mutum, rigar a tsaye da duk lanƙwasarta amma babu kowa a ciki. Roni Horn tana sa a zuba mata dunƙule ɗaya da ya haura tan 4, samansa sumul kamar ruwan rijiya da bai motsa ba.

Tsakanin hurawa da zubi akwai masu manna gilashi da gilashi a tanderu. Klaus Moje, Bajamushen da ya kafa sashen gilashi a makarantar fasaha ta Kanbera a Ostireliya a 1982, yakan yanka sanduna masu launi ya jera su kamar ƙyallen saƙi, ya narka su su haɗe, sa'an nan ya wasa fuskar har ƙyallin ya mutu launi ya fito. Toots Zynsky kuma tana jan dubban zarurrukan gilashi sirara kamar gashi, ta shimfiɗa su kashi-kashi, ta narka su kaɗan don su kama juna ba tare da sun ɓace ba, tana sa hannu da safar zafi cikin tanderu ta matse bakin kwanon. Ta taɓa zama a Gana a tsakiyar shekarun 1980, kuma wanda ya san tufafin can zai ga alamarsu a launukanta.

Masu sa shi magana

Akwai wani rukuni da ba kyau ne gabansu ba, labari suke son bayarwa, kuma sun zaɓi gilashi ne don shi ya fi dacewa da labarin. Wadda ta fi taɓa ni a cikinsu ita ce Yhonnie Scarce, 'yar asalin mutanen farko na Ostireliya. Daga 1956 Birtaniya ta yi gwajin bama-baman nukiliya a Maralinga, a yankin da danginta suka fito, zafin ya kai har yashin wurin ya narke ya zama gilashi, guba kuma ta bi iska ta faɗa wa mutane. A 2015 ta hura 'yan doyar daji na gilashi guda 2,000, irin abincin mutanenta, ta rataye su daga rufi suka yi siffar gajimaren bam. Ka ga a nan ba za a musanya gilashin da itace ko ƙarfe ba, domin yashin ƙasarsu da wuta ta narka shi ne kan maganar.

Chris Day na Ingila ma ya kamata ka san shi, don ɗan sana'ar hannu ne irinka. Mai gyaran famfo da bututun ɗumama gida ne, mai tsatson Jamaika, sai da ya manyanta ya shiga jami'a ya koyi gilashi. Yakan saƙa keji da bututun tagulla da waya, kayan aikinsa na kullum, ya hura gilashi a ciki, gilashin ya kumbura yana neman fita ta tsakanin wayoyin kamar naman da aka ɗaure da igiya. Cinikin bayi yake magana a kai, kuma ba sai an yi maka bayani ba. Preston Singletary, ɗan ƙabilar Tlingit, wato wasu daga cikin mutanen farko na yankin Alaska, yana hura gilashi mai launi biyu a jere, ya rufe wani sashe, ya feshe sauran da yashi har launin ƙasa ya bayyana, da haka yake fitar da zanen kakanninsa da a da ake sassaƙawa a itace. Shi kuma Luke Jerram yana sa a ƙera masa ƙwayoyin cuta da farin gilashi, saboda launukan da ake saka musu a hotunan jarida ƙari ne kawai.

Na san wani zai ce ai wannan harka ta mutum-mutumi ce. Mafi yawanta ba haka ba ne, siffofi ne da launi da haske. Kuma Musulmi suna da tsohon hannu a ciki: fitilun masallatan Alƙahira na ƙarni na 14, waɗanda aka rubuta ayar Suratun Nur a jikinsu, har yau suna cikin abin da gidajen tarihi ke alfahari da shi. A zamaninmu kuma akwai Monir Farmanfarmaian ta Iran, wadda ta rasu a 2019. Ba ta kunna wuta ba. Madubi ake yankawa ƙanana-ƙanana a jera a kan filasta bisa lissafin kusurwoyi, dabarar da ta gani a hubbaren Shah Cheragh na Shiraz ta ɗauko ta mayar da ita fasahar zamani, har gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke Niyok ya baje ayyukanta a 2015. Kayan aikinta dayamon ne da ma'auni, irin waɗanda ke kan teburinka yanzu.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Bidiyo yana ƙarewa ne a inda aka cire aiki daga bututu, alhali a nan haɗarin yake farawa. Ka tuna ƙwan fitila in ya yi zafi ɗigon ruwa ya faɗa masa. Waje ya huce ya tsuke, ciki yana nan a buɗe, sai ya tsage. Duk gilashin da ya fito daga wuta haka yake, dole a sa shi a wani tanderu a riƙe shi a wajen digiri 500, ko sama da haka kaɗan in na kwalba ne ko na taga, har ciki da waje su daidaita, sa'an nan a sauko da zafin sannu a hankali. Kofi kwana ɗaya ya ishe shi. Amma in kauri ya ninka biyu, lokacin yakan ninka kusan huɗu. Gilashin madubin hangen taurari mai faɗin inci 200 da kamfanin Corning ya zuba a 1934 sai da ya shafe wajen wata goma yana hucewa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji Hausawa, a wannan sana'a kuwa ba karin magana ba ce, aikin ke nan.

Abu na biyu shi ne ba kowane gilashi ke zama da ɗan'uwansa ba. Kowane iri yana da gwargwadon yadda yake buɗewa da tsukewa. Na koyi wannan da asara. Na taɓa jera gutsattsarin koriyar kwalba a kan farin gilashin taga na narka, faranti ya fito gwanin sha'awa, na ajiye shi a kanta ina nuna wa duk wanda ya shigo. A dare na uku ina kwance na ji "ƙas" daga ɗakin aiki. Da safe na tarar ya rabe biyu, tsagar ta bi gefen koren daidai kamar an ja ta da dayamon. Babu wanda ya taɓa shi. Saboda wannan matsala ne kamfanin Bullseye na Amurka ya shiga yin gilasai masu launi da aka gwada za su zauna tare, kuma da irinsu Moje ya yi aiki. Akwai hanyar dubawa mai sauƙi: buɗe farin shafi a fuskar kwamfuta, riƙe gilashin a gabanta, ka kalle shi ta tabarau irin mai kashe ƙyallin rana kana juya tabaraun har fuskar ta yi duhu. Duk inda ka ga haske yana zagaye wani gutsure, to akwai damuwa a wurin.

Mu a nan

Kada ka ɗauka gilashi baƙo ne a ƙasar nan. Haƙar da masanin kayan tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ta fito da dubban duwatsun ado da tukwanen narki, kuma binciken sinadarinsu ya nuna a nan aka haɗa gilashin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15, ba daga waje aka kawo ba. A Bida kuma har gobe Masaga suna nan, waɗanda tarihinsu na baka ya ce daga Masar kakanninsu suka taso. Suna zagaye murhun yumɓu, ana zuga wuta, kowa da sandar ƙarfensa yana naɗo gilashi yana juya shi ya zama dutsen wuya ko awarwaro. A da su suke haɗa nasu baƙin gilashin daga yashi, yanzu kwalabe suke narkawa. A Gana mutanen Krobo suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu su gasa, a cikinsu kuma Michael Tetteh ya koyi hurawa yana yin tuluna da fasassun gilasai. Masana'antun gilashi na Kitengela a Kenya da Ngwenya a Eswatini su ma da tsofaffin kwalabe suke aiki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta daɗe tana koyar da ilimin gilashi.

Shawarata ita ce kada ka fara da hurawa. Murhun hurawa ba a kashe shi, dare da rana yake ci, kuma kuɗin gas zai cinye jarinka kafin hannunka ya faɗa. Fara da abin da ka iya. Ragowar gilashi da madubin da kake zubarwa kullum a shago, su ne kayan aikin Farmanfarmaian, ga kuma zanen dagi da na bangon gidajen Kano da Zariya da ba su rasa komai ba wajen lissafin kusurwa. Gwada kuma jera gutsattsarin gilashin taga a tsaye, gefe da gefe, ka manne su, ka ga yadda koren bakin nan yake taruwa ya yi zurfi. Wannan ma darasin Libenský ne, ba tare da wuta ba.

In hannunka ya saba, sai ka nemi ƙaramin tanderu, ko ka haɗa kai da mai gasa tukwanen zamani. Gilashin taga yakan fara lanƙwasa ya kwanta a mazubi daga wajen digiri 650 zuwa 700, yakan manne da ɗan'uwansa a wajen 800 ko sama kaɗan. A kowane aiki yi amfani da gutsattsarin da suka fito daga fallen gilashi ɗaya, ko kwalabe iri ɗaya na kamfani ɗaya. Wanke su tas, don maiƙon yatsa yakan bar hazo a fuska. Shafa wa mazubin ruwan farin yumɓu ya bushe, in ba haka ba gilashin zai kama shi. In tanderun na lantarki ne, tanadi janareta tun kafin ka kunna, ni an sha ɗauke mini wuta ana tsakiyar hucewa, aikin mako ya tafi. Wasa gilashi kuma da ruwa ake yi, ƙurarsa tana lalata huhu kuma ba ta fita. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana da dalma a ciki, kada ka yi abin ci ko sha da shi.

Sai ka sayi littafin rubutu guda. Duk gashin da ka yi, rubuta irin gilashin, kaurinsa, zafin da ka kai, awa nawa ka riƙe, da abin da ya fito, har wanda ya fashe ka ajiye gutsurensa da lamba a jiki. In ka sami hali ka je Bida ka zauna kwana biyu a gefen murhun Masaga, ka tafi da goronka, ka kalli yadda suke karanta launin wuta da ido ba tare da ma'auni ba. In ka yi gashin farko ka aiko mini da hotonsa, ka ɗauke shi a bakin taga da hantsi yadda zan ga kaurin.